Carl Sagan da sandar da muka kafa a filin makaranta

Duk shekara in Disamba ta kai 20 sai na tuna wani mutum da ban taɓa gani ido da ido ba, bai san da zamana ba, bai ma san akwai garinmu ba. Ranar da ya mutu a 1996 ina firamare, abin da ya dame ni lokacin bai wuce kaushin ƙafa da sanyin asuba in za a tafi makarantar allo ba. Sai bayan kusan shekara goma da mutuwarsa na fara jin sunansa, Carl Sagan, masanin taurari ɗan Amurka, amma yau in aka ce in lissafo malamaina to wallahi yana cikin biyar ɗin farko, kuma shi ya sa na zauna cikin wannan hazon nake rubuta wannan.

Bari in fara daga gida, don ni ba a littafi na fara sanin taurari ba, a tabarmar Iya na fara, kakata ta wajen uwa, Allah ya ji ƙanta. In an gama tuwon dare ta kan fito da tabarma tsakar gida, mu jikoki mu zagaye ta, babu lantarki a garin lokacin saboda haka sama ta kan cika maƙil kamar an watsa gero a baƙin zane. Ita ta nuna min Kaza da 'ya'yanta, ta ce in ƙirga 'yan tsakin, ni in ce shida yayata ta ce bakwai mu yi ta musu. Ita ta nuna min Zara matar wata, ta kuma ce in na tashi da asuba zan ga Gamzaki a gabas. Amma ranar da na ce Iya wai su taurarin nan menene su, me ya riƙe su ba sa faɗowa, sai ta ce ikon Allah ne ɗan nan, kwanta ka yi barci. Gaskiya ta faɗa, ikon Allah ne, sai dai ni tambayar ba ta kwanta ba, ta bi ni har na girma, kuma duk wanda na tambaya sai ya nuna min kamar tambayar ce ba ta dace ba.

To a 2006 ina karatun koyarwa sai aka yi kusufin ranar nan na 29 ga Maris, wata Laraba, wanda ya ratso ta Ghana da Togo da Benin ya shigo arewa maso yammacin Najeriya ya wuce Nijar. Mu da muke ƙasar Katsina mun gan shi sosai. Da hantsi ne, rana ta fara yin wani irin haske mara ƙarfi kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa, iska ta yi sanyi, kaji suka kama hanyar akurki, tsuntsaye suka yi ta kuka suna komawa bishiya, sai kawai duhu ya rufe. Na ɗaga kai na ga baƙin faifai a inda rana take da wani farin haske kewaye da shi, ga Zara can gefe ta fito tarau da rana tsaka. Mata na salati, maza sun nufi masallaci sallar kisfewa, yara na ta buga gwangwanaye, wani dattijo kusa da ni yana kuka da hawaye. 'Yan mintoci ne kawai amma jikina bai daina rawa ba har azahar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tun kafin ranar an sanar a rediyo, an faɗi rana an faɗi lokaci, kuma haka aka yi ba ƙari ba ragi. Ta yaya ɗan Adam ya san wannan? Washegari na je na tare wani malaminmu da wannan tambayar, bai ce min komai ba sai ya ce in tara abokaina mu zo gidansa ranar Asabar da daddare. Muka je mu shida, ya tada janareta, ya sa faifan CD a 'yar talabijin ɗinsa, sai ga wani Bature dogo mai yawan gashi yana tafiya a bakin teku yana magana a hankali kamar wanda ke ba ƙaninsa labari. Sagan kenan a shirinsa na Cosmos, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1980, kashi 13, aka kuma ce mutum fiye da miliyan 500 sun kalle shi a ƙasashe wajen 60. Turancinmu a lokacin ba wani mai ƙarfi ba ne, malam yana tsayar da faifan yana mana fassara, amma akwai wurin da ko fassara ba mu nema ba.

Labarin Eratosthenes ne, wani masani da ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariya a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya samu labari cewa a garin Syene, Aswan ta yau, akwai rana guda a shekara da in rana ta take tsaka sanda ba ta yin inuwa, har ana ganin hasken rana a ƙasan rijiya. Shi kuma a Iskandariya a wannan ranar a wannan lokacin sanda tana da inuwa. Sagan ya ɗauko taswirar Masar a kan kwali da 'yan sanduna biyu a tsaye a kai, ya nuna in kwalin a shimfiɗe yake inuwar biyu dole su zo ɗaya, sannan ya lanƙwasa kwalin da hannunsa, nan take inuwar ɗaya ta ɓace ta ɗayar ta miƙe. Kai jama'a. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar janareta. Bambancin wajen digiri 7 ne, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 800, ka ninka sau 50 ka samu 40,000, kewayen duniya kenan. Da sanda da inuwa da tafiyar ƙafa da tunani. Ni a daren nan na gane ashe tambayar da na yi wa Iya ba rashin kunya ba ce, tambaya ce mai amsa, kuma amsar ba a kulle take a wani ɗaki da sai 'ya'yan masu kuɗi ke shiga ba.

Daga baya da na fara samun intanet na bi tarihinsa sai na ga shi ma ɗan talaka ne. An haife shi 9 ga Nuwamba 1934 a unguwar Brooklyn ta birnin New York, babansa ɗan ci-rani ne daga yankin Yukiren, yana aiki a masana'antar ɗinkin tufafi. Shi ma yana yaro ya yi ta tambayar manya menene taurari suna ce masa fitilu ne a sama yaro. Da mamansa ta yi masa katin laburare ya je ya ce a ba shi littafi kan taurari, matar da ke wurin ta ɗauko masa littafin taurarin fim, ya ce a'a ba waɗannan ba, ta sake ɗauko na gaskiyar. A ciki ya karanta cewa taurari ranaku ne irin tamu sai dai suna da nisa ƙwarai, ita kuma ranarmu tauraruwa ce da ta zo kusa. Ya ce daga nan duniya ta buɗe masa. Ni sai da na kai shekara ashirin da 'yan kai kafin wani ya faɗa min wannan jimlar guda ɗaya, kuma har yau akwai ɗalibai da ke gama sakandare a garuruwanmu ba a taɓa faɗa musu ba, wannan abin yana ci min rai sosai.

Wasu na ɗauka shi ɗan talabijin ne kawai mai daɗin baki, to ba haka ba ne, mutumin ya yi aikin bincike na gaske. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Chicago a 1960, kuma a ciki ya yi aiki kan Zara ɗin nan tamu, Venus. Lokacin akwai masu zaton ƙarƙashin gajimarenta wata ƙasa ce mai dausayi da ruwa, shi ya lissafa ya ce a'a wuta ce, iskar kabon da ta lulluɓe ta tana barin hasken rana ya shiga amma tana hana zafin fita, kamar dai motar da aka rufe gilasanta aka bar ta a rana a watan Afrilu. Kumbon Mariner 2 ya wuce ta kusa da ita a 1962 ya tabbatar da zafin, yau mun san ya haura digiri 460, zafin da zai narkar da dalma. Ka duba fa, wannan kyakkyawar da ake wa kirari da matar wata. Kuma Zara da Gamzaki da Iya ke nuna min a matsayin abu biyu ashe abu ɗaya ne, wani lokaci ta fito da magariba a yamma wani lokaci ta riga rana fitowa a gabas, kuma ma ba tauraruwa ba ce, duniya ce 'yar'uwar tamu da ta kusa kai ta girma. Na so ƙwarai a ce Iya tana raye in faɗa mata wannan, na san za ta riƙe haɓa ta ce kai ɗan nan.

Abin da ya gani a Zara ne ya sa ya damu da tamu duniyar, har a Disamba 1985 ya je gaban majalisar dattawan Amurka ya yi musu bayanin ɗumamar yanayi, tun mutane da yawa ba su san kalmar ba. Ya yi aiki kan duniyar Mars, ya nuna canjin launin da ake gani a fuskarta ƙura ce iska ke kwasa ba tsirrai ba, mu da muka san hazo wannan ba zai mana wuyar ganewa ba. A 1983 shi da abokan aikinsa huɗu suka fitar da bincike cewa in aka yi yaƙin nukiliya hayaƙin garuruwan da suka ƙone zai tare rana, duniya ta yi sanyi, amfanin gona ya mutu har a ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin. Kuma ya yi kuskure shi ma, a 1991 da aka cinna wa rijiyoyin man Kuwait wuta ya yi hasashen hayaƙin zai lalata noma a kudancin Asiya, abin bai kai haka ba, daga baya ya rubuta da hannunsa cewa hasashensa bai yi daidai ba. Wannan ya ƙara masa girma a idona. Babban mutum da duniya ta sani ya fito ya ce na yi kuskure, ba kullum ake samun haka ba.

Kuma bai sha da daɗi ba a wajen 'yan'uwansa masana. Jami'ar Harvard ta ƙi tabbatar da shi a aiki a ƙarshen shekarun 1960, shi ya sa ya koma Jami'ar Cornell a garin Ithaca inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A 1992 aka kai sunansa babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka aka ƙi zaɓensa, mutane da yawa na ganin laifinsa kawai shi ne ya cika fitowa a talabijin yana magana da talakawa, bayan shekara biyu kuma majalisar nan dai ta ba shi lambarta ta yabo saboda wannan aikin da aka raina. Irin wannan tunanin muna da shi a nan ma, a ga kamar in masani ya sauko ya yi bayani da harshen da mai shayi zai gane to ya zubar da girmansa. Ni ina ganin akasin haka ne, wanda bai iya yi wa kakarsa bayanin abin da ya karanta ba to da sauransa.

Abin da na fi so a labarinsa shi ne kumbunan Voyager guda biyu da aka harba a 1977. An ba shi shugabancin kwamitin da zai haɗa saƙo a liƙa a jikinsu ko da wata rana wata halitta za ta tsinta, suka yi faifan garmaho na tagulla da aka shafe da zinariya, suka zuba hotuna fiye da ɗari, da ƙarar tsawa da ruwan sama da kukan jariri da bugun zuciya, da kiɗe-kiɗen al'ummomi, da gaisuwa cikin harsuna 55. Na zauna na bi jerin harsunan nan ɗaya bayan ɗaya ina neman Hausa, babu. Akwai Larabci, akwai Luganda da Nyanja da Sotho daga Afirka, har da harsunan da suka mutu tun zamanin Babila, amma namu babu, kuma gaskiya na ji ba daɗi, da ma a ce wani ya ce musu sannunku da hanya, ya gida ya iyali. An haɗa faifan ne cikin 'yan makonni, waɗanda aka samu kusa da Cornell su aka ɗauka. Ba na riƙe shi da wannan, sai dai ya nuna min in ba ka wurin da ake abu to ba za a jira ka ba.

Sai hoton nan. Bayan Voyager 1 ya gama aikinsa a duniyoyin Mushtari da Zuhal ya kama hanyar fita, Sagan ya yi shekaru yana roƙon hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka a juya kyamarar baya a ɗauki hoton duniyarmu sau ɗaya kafin a kashe ta. Wasu suka ce ba wani ilimi da za a samu a ciki, wasu suka ji tsoron hasken rana zai lalata kyamarar. A ƙarshe aka yarda, ranar 14 ga Fabrairu 1990 daga nisan kilomita wajen biliyan 6 aka ɗauka, ba da jimawa ba aka kashe kyamarorin gaba ɗaya. In ka kalli hoton ba za ka ga komai ba da farko sai duhu da wasu zare-zaren haske, sai an nuna maka wani ɗan ɗigo shuɗi-shuɗi da bai kai ƙwayar gero ba a cikin ɗaya daga zaren. Mu kenan. Makka da Madina da Kano da Agadas da teku da Sahara, duk wanda ka taɓa so da duk wanda ka taɓa ƙi, duk sarkin da aka yi wa tambari da duk bawan da aka sayar, suna cikin ɗigon nan.

Na taɓa nuna wa mahaifiyata a waya, a lokacin ana tsakiyar wata rigimar gonar gado a danginmu da ta raba 'yan'uwa har ba a gaisawa. Ta sa tabarau ta ce ina, na faɗaɗa hoton da yatsu na nuna mata, ta daɗe tana kallo sannan ta ce la'ilaha illallahu, yanzu gonar tamu tana ina a nan? Na ce Inna ai ko Najeriya ba za ki gani ba. Ta miƙo min wayar ba ta ƙara cewa komai ba, ta tashi ta yi alwala. Rigimar ba ta mutu a ranar ba, sai bayan shekara biyu aka sasanta, amma fuskarta a lokacin ba zan manta ba.

To akwai maganar da dole in yi, don na san wani zai tambaya. Sagan ba Musulmi ba ne, daga gidan Yahudawa ya fito kuma da ya girma bai bi kowane addini ba, ya ce shi bai ga hujjar da ta gamsar da shi ba, ko da ciwo ya kwantar da shi bai canza ba. Ni a nan mun rabu da shi, rabuwa ta har abada, kuma ba na ɓoyewa. Na sha zama ina mamakin yadda mutum zai ga abin da ya gani, ya san girman sama fiye da yadda ni zan taɓa sani, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Shiriya ta Allah ce. Amma abin da ya koya min bai rage min imani da ƙwayar zarra ba, ƙara min ya yi, don ayoyin da na haddace ina yaro da ke cewa a yi tunani cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da rana, sai da na san hasken wasu taurarin ya yi dubban shekaru a hanya kafin ya iso idona sannan na ji nauyinsu yadda ya kamata. Kuma ƙa'idarsa da ya yi ta maimaitawa, cewa duk maganar da ta fi girma to hujjarta ma sai ta fi girma, ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu, malaman hadisi sun yi ƙarnuka suna tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa. Da za mu riƙe wannan a WhatsApp kawai da an huta da rabin ƙaryar da ake turawa, ta maganin da ke warkar da cuta arba'in da ta ranar da wai duniya za ta yi duhu kwana uku.

Ina da wani ƙorafin a kansa kuma. A littafinsa na Cosmos akwai jadawalin tarihin ilimi da ya bar wajen shekara dubu fayau tsakanin faɗuwar Iskandariya da farkawar Turai, kamar ba a yi komai ba a tsakani. Alhali a wannan tsakanin ne halifa Ma'amun ya tura masana sahara a ƙarni na 9 suka sake auna girman duniya, a ciki ne Albiruni ya hau dutse a yankin da yake Pakistan a yau ya auna ta da wata dabarar daban, a ciki ne Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda ido ke gani. Har yau sunayen taurari da yawa da Turawa ke amfani da su Larabci ne aka murɗe, Aldebaran daga Addabaran, Rigel daga rijlu wato ƙafa. Mu ma nan ƙasar Hausa malaman hisabi sun daɗe suna lissafin manzilolin wata 28 suna faɗa wa manoma lokacin shuka. Mutum mai faɗin sani irinsa bai kamata wannan ya wuce shi ba. Ina faɗa ne don ina ƙaunar aikinsa, kuma shi da kansa ya koya mana kada a ɗaga wa kowa ƙafa in ana maganar hujja.

Halinsa da yara kuwa, labari ɗaya ya isa. A Disamba 1975 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17 daga unguwar Bronx yana neman jami'a, Sagan ya rubuta masa wasiƙa ya gayyace shi Ithaca, ya fito ranar Asabar ya zagaya da shi ofis da ɗakin bincike, ya sa hannu a littafi ya ba shi. Da yamma ƙanƙara ta fara zuba ya kai shi tasha da motarsa, ya rubuta lambar wayar gidansa a 'yar takarda ya ce in motar ta kasa tafiya ka kira ni ka zo ka kwana a gidana. Yaron nan shi ne Neil deGrasse Tyson, wanda ya gabatar da sabon Cosmos a 2014, kuma da bakinsa ya ba da labarin a shirin. Duk lokacin da ɗalibi ya tare ni bayan an tashi ina sauri in tafi gida, wannan 'yar takardar nake tunawa in tsaya.

Ciwon ɓargo ne ya kama shi a 1994, aka yi masa dashen ɓargo har sau uku, ƙanwarsa ce ta ba shi, yana jinya yana rubutu. A ƙarshe ciwon nimoniya ya shigo, ya mutu a wani asibiti a birnin Seattle yana da shekara 62, aka binne shi a Ithaca. Watanni bakwai bayan nan, a Yulin 1997, kumbon Pathfinder ya sauka a Mars aka sa wa wurin sunansa. Voyager 1 kuwa ya fita daga yankin da iskar da rana ke fesowa take kaiwa a 2012, ya haura kilomita biliyan 24 daga nan, saƙonsa na ɗaukar fiye da awa 22 kafin ya iso duk da yana gudu da saurin haske, faifan nan na maƙale a jikinsa har yanzu.

Yanzu ni malamin sakandare ne, kuma kowace shekara kafin hutun Disamba akwai abin da nake yi da 'yan ajina. Ina da aboki da muka yi bautar ƙasa tare, yana koyarwa a Fatakwal, kuma Allah ya sa Katsina da Fatakwal kusan a layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, tsakaninsu in an miƙe wajen kilomita 900. Mu kan yanka sanda mai tsawon mita ɗaya daidai, shi ma ya yanka, mu kafa a fili mu sa igiya da dutse mu tabbatar ta miƙe, daga sha biyu saura mu fara sa alama a ƙasa duk bayan minti biyar muna jiran inda inuwa za ta fi gajarta. Karon farko da muka yi wani yaro da ya yi karatun allo sosai ya ce Malam ai wannan zawali ne, haka malaminmu ke duba azahar, na ce shi ne fa, ba wani abu ba ne daban. Wajen sha biyu da rabi inuwar ta tsaya ta fara komawa, muka auna, santimita 72. Na kira abokina na sa wayar a sifika yara sun kewaye ni ko numfashi ba sa yi, hadari ya so ya ɓata musu a can amma rana ta leƙo, ya ce tasu 53.

Muka koma aji da ƙura a ƙafafu muka zana a allo, tamu ta ba da kusan digiri 36 tasu kusan 28, bambanci 8. Na ce 8 sau nawa za ta shiga 360, suka ce 45. Na ce to ku ninka da 900. Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ita ta riga kowa, ta ɗaga hannu ta ce 40,500. Na buɗe littafinsu na nuna musu adadin da ke ciki, 40,075. Ajin ya kaure da ihu har malamin ajin kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Ita kuwa ba ta yi ihu ba, tana ta kallon takardarta, da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara hijabi ta ce Malam, don Allah ita ma rana ana iya auna nisanta da sanda? Na ce da sanda kaɗai zai yi wuya amma akwai hanya, ki zo ranar Litinin da sabon littafi. Sandar na nan a bayan ƙofar ofis, na rubuta shekarar a jikinta da biro.